Golmon Tsofaffi

Talata, 16 ga Yuni, da hantsi

Mai shelar ƙaramar hukuma ya wuce yanzu a kan babur, ya ɗaure lasifika a baya da roba kamar akuyar da za a kai kasuwa. Wai an buɗe kasuwa, kowa ya sa takunkumi, kowa ya wanke hannu a bakin ƙofa kafin ya shiga. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Dakkarci. Da ya zo saitin gidanmu sai ya yi shiru ya ƙara wuta. Na ji shi sarai. To, sauka lafiya.

A makon da aka buɗe wa gari ƙofa, a makon aka rufe tawa. Rabin takunkumin da ke fuskokin unguwar nan ni Leah na ɗinka su a keken nan nawa, yau ko allura ba mai karɓa daga hannuna.

Ran Asabar motar asibiti ta tafi da maigidana Haggai Birnin Kebbi, wai ciwon nan da ya sa aka rufe gari ne ya kama shi. Mutum biyu ne, cikin fararen kaya tun daga kai har tafin ƙafa. Duk zamansa na soja ban taɓa ganin an riƙe masa hannu ya hau mota ba sai ranar. Bai ce in kula da kaina ba, bai ce a gaya wa yara ba. Gona ya nuna min da haɓa, tari ya hana shi magana.

Bushira, malamar asibitin da aka ɗora min, ta ce ko taki ɗaya kada in yi a waje sai ta ba ni izini. Kullum da safe za ta zo ta auna min goshi da 'yar bindigar nan tata ta gwada zafin jiki.

Laraba, 17 ga Yuni, da yamma

Na kifa turmi a gindin katanga na hau. Daga nan ina ganin gonar gaba ɗaya, tun daga bayan gida har gindin dutse. Dawa ta fito kyau, kai, ta fito kamar an jera ta da hannu. Harƙiya ma ta fito.

Ba abin da muke ci sai abin da gonar nan ta ba mu. In ba a yi noman firi, wato noma na farko, cikin kwanakin nan ba, ciyawa ta shanye dawar, to rumbu zai kwana wayam har baɗi. Ɗanmu Philemon yana bakin daga a Borno. 'Yarmu Praise tana Dirin Daji da tsohon ciki, na aika mata cewa in ta kuskura ta tako garin nan ni da ita ne. Ni kuma ga ciwon ƙugu, ga doka.

Alhamis, 18 ga Yuni, da safe

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ciyawa kaɗai ke murna.

Asabar, 20 ga Yuni, bayan azahar

Allah ya saka wa Obiageli, matar Cletus mai shagon da ke jikin gidanmu. Tun da abin nan ya faru ita kaɗai ke kiran sunana da ƙarfi. Haggai ya tafi da wayarmu, saboda haka lambar Cletus yake kira. Sai ta ƙure muryar wayar, ta ɗora ta a kan katanga, ta ja da baya.

"Mama Philemon, zo kusa," in ji ta. "Amma kar ki zo kusa sosai."

Muryarsa ta zama siririya, sai ya huta tsakanin kalma da kalma. Ya ce suna ba shi shinkafa ba gishiri. Na ce to ka ci, ai ba biki ka je ba. Sai ya ce, "An fara firi?"

Na ce ana yi.

Ubangiji ya gafarta min, ba a yi. Cletus ya zaga har tasha neman 'yan ƙwadago. Da sun ji gonar wane ce sai su ce suna da aiki. Wani ma ya ce masa ciwon yana cikin ƙasa, duk inda gumin mai gona ya ɗiga. Ka ji fa! Ƙartin da ke shan kunu su goma a ƙwarya ɗaya, su ne yau suka zama likitoci.

Lahadi, 21 ga Yuni, da hantsi

An koma sujada. Ban san na yi kewar ƙararrawar nan haka ba sai da ta buga, na ji ta har cikin haƙorana. Ina tsaye da tsintsiya a tsakar gida sai waƙa ta taso ta bisan rufin gidaje, muryoyin duk a toshe saboda takunkumi, amma ta taso. Watanni gari shiru kamar an share mutane, ashe suna nan, ashe ba su manta baitin ba. Na ajiye tsintsiyar na bi su ni kaɗai, tsigar jikina na tashi.

Ba a daɗe ba aka tashi, wai doka ta ce a gajarta. A wurin sanarwa lasifika ta kawo min muryar fasto: za a fara ba yara allurar rigakafi a asibiti ran Talata, an gyara famfon bakin makaranta, zumuntar mata ba taro tukuna. Daga ƙarshe ya ce a sa wani ɗan'uwa a addu'a.

Wani ɗan'uwa. Mutumin da ya ɗauki bulon ginin nan a kansa.

Litinin, 22 ga Yuni, da yamma

Bushira ta ce goshina lafiya. Na hau turmi. Yanzu sai ka ƙura ido kafin ka raba dawa da ciyawa.

Talata, 23 ga Yuni, rana tsaka

Dole in rubuta wannan.

Gari na wayewa na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, cas, cas, cas, a tare kamar hannu ɗaya. Na ce ko kunnena ne. Na hau turmi ko ɗankwali ban ɗaura ba.

Tsofaffi ne a gonar. Sun jeru tun daga kan iyaka, kowa ya duƙa a kan kunyarsa, sun bar kunya bibbiyu tsakaninsu kamar yadda mai shela ya ce a riƙa ba da tazara. Kawuna fari fat. Na gane Kofur Solomon da ɗingishinsa. Na gane Alhaji Zainulabidin da gemunsa da ya leƙo ta ƙarƙashin takunkumi, ya naɗe babbar riga ya rataye a kan ɗorawa. Sai da na gama bin su ɗaya ɗaya da ido sannan abin ya faɗo min.

'Yan golmon Haggai ne.

Yaran yanzu sai dai su ji a baki. A zamaninmu saurayi ba ya samun mata a ƙasar nan sai ya yi golmo: shi da sa'o'insa su yi ta nome gonar uban yarinya, damina bayan damina, har uban ya ce ya gamsu. Yau a yi wa wannan, gobe a juya gonar surukin wancan. Waɗannan su ne samarin da suka nome gonar babana saboda ni. Ina 'yar budurwa ina leƙensu ta bayan dangar kara, ƙirazansu na ƙyalli. Wasu sun tafi soja ba su dawo ba. Zainu ya musulunta ya je Makka. Ragowar ke nan, ga su a bayan gidana da fartanya, jikokinsu na gida suna barci.

Solomon ya ɗago ya hango ni.

"Amarya! Wa ya ce ki leƙo? Har yanzu ba ki daina ba?"

Bai jira in rama ba. Sai ya juya ya ɗauko waƙar nan ta Dakkarci da suke zagin rago da ita, sauran suka amsa. Muryoyin duk sun dushe, Zainu ma tari ya sha kansa a tsakiya, amma fartanyu ba su saɓa ba ko sau ɗaya. Ikon Allah. Na tsaya a kan turmin har ƙafata ta mutu.

Laraba, 24 ga Yuni, da yamma

Sun dawo. Takunkumin da ke fuskar uku daga cikinsu ragowar atamfar ankon bikin Praise ne, ɗinkina.

Abu ɗaya ke ci min rai. A golmo gidan yarinya ke kai kunu gona, ba a taɓa barin manoma su zo da ruwansu ba, abin kunya ne babba. Ga gero a gida, ga tsamiya, ga hannu. Amma wa zai sha? Kowa da 'yar jarkarsa ya zo, suka zauna nesa nesa a gindin ɗorawa suna kurɓa. Na shiga ɗaki don kada in gani.

Obiageli ta kawo labarin gari ta katanga. An dasa bokitai masu famfo a ƙofar kasuwa, sabulun kuwa kafin azahar ya yi ƙafa. Matar Solomon ta ce in ya sake taka gonarmu kada ya shigo mata ɗaki, shi kuma ya kwashi tabarmarsa ya koma zaure. "Mutumin nan kansa da ƙarfi," in ji Obiageli. Na ce ai duk haka suke, da gangan babana ya ƙara musu damina ɗaya.

Alhamis, 25 ga Yuni, da safe

Wani ya kai ƙara wai ana taro a bayan gidan masu ciwo. Bushira ta zagaya da kanta. Ina kallo ta bi su ɗaya ɗaya tana auna goshi, kowa ya miƙe ya ƙame kamar ana fareti. Da ta gama sai ta tsaya a bakin gona ta kasa tafiya. Ta dawo ƙofata ta ce, "Mama, kakana ya sha ba ni labarin nan, na ɗauka ƙari yake yi."

Asabar, 27 ga Yuni, da la'asar

Sun gama firi. Gona ta fito tas, jar ƙasa da koren dawa, tun daga katanga har dutse. Ni dai ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, har da ranar aurena.

Sai kunya ɗaya a tsakiyar gona da ba a taɓa ba. Daga wannan kai har wancan, ciyawa tsaye a kanta.

Na ƙwala wa Solomon kira na ce, Kofur, tsufa ya kai ido ne? Kun tsallake ɗaya.

Ya tako har inda zan ji shi, ya dogara da fartanya. "Ba mu tsallake ba. Ta Haggai ce, nan ne wurinsa a layi, tsakanina da Zainu. Mu a golmonmu ba a nome wa mutum kunyarsa yana da rai. Ko ciwo ya kayar da kai, in ka tashi za ka tarar tana jiranka. Ki gaya masa ya daina lalaci a gadon gwamnati."

Lahadi, 28 ga Yuni, bayan sujada

Na gaya masa, kalma da kalma. Na kuma gaya masa ranar da na ce ana yi ba a fara ba. Ya yi dariya har wata murya a can ta ce masa ya isa haka. Da ya samu numfashi ya ce, "Ki ce wa gurgun nan kada ya taɓa min ita. Ina zuwa."

Obiageli tana can gefe tana share ido da bakin zane, wai hayaƙi ne. Ba wanda ya hura wuta.

Talata, 30 ga Yuni, da yamma

Bai kira ba. Cletus ya kira, wata ta ɗauka ta ce yana hutawa.

Laraba, 1 ga Yuli, da hantsi

Mai shela ya ce an buɗe hanyoyi tsakanin jihohi. Tun safe nake jin ƙugin manyan motoci daga tasha, 'yan kamasho na kiran Kontagora, Yauri, Sakkwato. Duniya ta tashi tsaye gaba ɗaya. Philemon ya aiko ta wayar Cletus cewa su ba a ba su fas na zuwa gida ba.

Haggai yana hutawa, in ji su. Sun sa masa abin numfashin nan na hanci.

Juma'a, 3 ga Yuli, da la'asar

Bushira ta zo ba bindiga. Ta ce sakamakona ya dawo, ba ni da komai, in fita in sha iska. Ta miƙo hannu kamar za ta taɓa ni, sai ta tuna, muka yi dariya mu biyu.

Na taka har bakin titi. Tabɗi! Kowa da ƙyalle a fuska, wasu a haɓa, wani ma a goshi ya ɗaura nasa. Masallacin Juma'a ya cika har waje, sahu da tazara, kowa da dardumarsa, suka duƙa gaba ɗaya suka ɗago gaba ɗaya, na tsaya daga nesa ina kallo baki buɗe. Famfon bakin makaranta na zuba, mata sun yi layi. Da na matso sai layin ya buɗe min hanya, faɗin da ko mota za ta wuce. Oho dai. Na cika bokitina ba jira, wannan ma riba ce.

Na tambayi Bushira ko in hau mota in je. Ta ce ko na je ba za a bar ni in wuce ƙofa ba.

Asabar, 4 ga Yuli, da yamma

Yau suka zo maimai, noma na biyu. Tun da sassafe na dama kunun tsamiya cike da babbar roba, na ɗora a ka, ƙugu na ƙara ina ƙara, na kai gindin ɗorawa na sauke. Ba wanda ya matso. Na ce malamar asibiti ta wanke ni, wanda ke tsoro kuma ga jarkarsa nan.

Zainu ne ya fara sauke takunkumi. Ya ce bismillah, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin kofi. Ya ce, "Har yanzu tsamiyarki ta yi yawa, amarya." Sai ga kowa ya ciro kofinsa. Ashe da kofunansu suka zo, tun jiya Bushira ta gaya musu.

Da suka koma aiki na shiga gonar, karo na farko. Na je kan kunyar Haggai. Ciyawa ta kai min gwiwa, dawar da ke ciki ta yi rawaya, siririya, tana neman iska. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na ce wa Solomon ko da hannu ne bari in ɗan cire mata, za ta mutu fa.

Bai ɗago ba ya ce, "Ke kika ji abin da ya ce. Ki bar masa."

Na bar masa.

Litinin, 6 ga Yuli, da safe

Yana hutawa.

Talata, 7 ga Yuli, da yamma

An ce 'yan ajin ƙarshe za su koma makaranta nan gaba, an fara sare ciyawar filin. Praise ta sauka, namiji, lafiya lau. Na roƙi Cletus ya kira don a gaya wa kakan. Wadda ta ɗauka ta ce za ta faɗa masa a kunne. Na ce me ya sa a kunne, ba za ki ba shi wayar ba? Ta ce Mama, ki yi ta addu'a.

Ina yi. Me nake yi in ba ita ba?

Daga kan turmi gonar kamar kan da aka yi wa aski aka bar tukku a tsakiya. In iska ta kaɗa, kunyar nan ce kaɗai ke rawa. Mutane har tsayawa suke a hanyar famfo suna nuna ta. Jiya na ga wasu samari, cikinsu har da wanda ya ce ciwo na cikin ƙasa, sun tsaya sun daɗe suna kallonta.

Alhamis, 9 ga Yuli, da la'asar

Cletus ya rufe shago tun rana na sama, abin da ko ranar Kirsimeti ba ya yi. Na ga ya hau babur ya nufi unguwar su Solomon. Na kira Obiageli ta katanga, na sake kira. Ina jin motsin tukwanenta. Ba ta amsa ba.

Na share tsakar gida. Na wanke wa Haggai rigar sujada na shanya, ta yi ƙura a rataye.

Juma'a, 10 ga Yuli, da sassafe

Ƙarar fartanya ta tashe ni. Ba ranar noma ba ce, sun gama maimai.

Na daɗe zaune a bakin gado. Sannan na ɗaura ɗankwali, na kifa turmi, na hau.

Suna tsakiyar gona, dukansu a kan kunya ɗaya. Ba tazara yau, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ba waƙa. Hulunansu na ajiye a kan iyaka, an jera su. Solomon ne a gaba, yana sara yana tsayawa, Zainu na biye da shi a durƙushe yana tsince ciyawa da hannu daga gindin kowace dawa, yana tallafo ta yana tara mata ƙasa, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Rana ta fito ta bayan dutse ta sauka a kan fararen kawunan nan. Ban taɓa ganin an yi wa ƙasa ladabi irin wannan ba.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ina jin muryar fasto, da ta Cletus, da matan zumunta suna ƙus ƙus, Obiageli na cewa, "Mama Philemon, buɗe, don Allah buɗe."

Na ce su jira. Ba su kai ƙarshen kunyar ba tukuna.